Lambar da ke Jikin Ƙofa

A Amurka akwai wani jinsin akori-kura da ba kasafai ake ganinsa a titunanmu ba. Kamfanin Ford na kiran nasa F-250 da F-350, Chevrolet na da Silverado 2500HD, Ram kuma na da 2500 da 3500. Hilux ɗin da muke yi wa kallon ƙatuwa ba ta kai kafaɗarsu ba. Motar kaɗai, babu kowa babu komai a cikinta, takan kai tan uku. Ja ne aikinsu: tirelar dawaki da ta shanu, kwalekwale, ƙaramar katafilar masu gini, sai kuma abin da ya fi yawa a wajen iyalai, wato ɗakin tafi-da-gidanka mai gado da madafa da banɗaki, wanda ake ƙera mafi yawansa a yankin Elkhart na jihar Indiyana, a ja shi zuwa daji ko bakin tafki a yi hutu.

Shekaru da dama maganar ɗaya ce a tsakanin masu irin wannan mota: in da gaske kake za ka ja kaya, sayi mai dizal. Mai fetur ta kamfanin ruwa ce da 'yan kwangila masu tsumulmular kuɗi. A shekarar 2020 lissafin ya ɗan motsa. Ford ya fito da sabon injin fetur mai silinda takwas, lita 7.3, wanda ake haɗawa a garin Windsor na ƙasar Kanada, ma'aikatan kamfanin suka laƙaba masa suna Godzilla. Ƙarfin doki 430 ne da shi, aka kuma haɗa shi da giya goma mai sauya kanta. A shekarar ce Chevrolet ma ya kawo nasa mai lita 6.6 da ƙarfin doki 401, Ram kuwa dama yana da Hemi mai lita 6.4 da ƙarfin doki 410. Sai mutane da yawa suka fara tambayar kansu ko lallai ne su ƙara kusan dala dubu goma a kan kuɗin mota don kawai a ce mai dizal ce. Da yawa suka ce a'a, suka ɗauki mai fetur. Abin da suke faɗa a watanninsu na farko da ita shi ne ya ja hankalina, domin in ka saurara da kyau za ka ji rabin labarin na motar ne, ɗaya rabin kuwa na mai motar ne da yadda ya san kayansa ko bai sani ba.

Ƙorafin farko kan zo tun a hanyar komawa gida daga wajen dillali: motar na da tauri. Kowane ɗan rami, kowace mahaɗar kwalta, sai ta jijjiga mutum har ƙugu. Dalilin a bayyane yake. Sifirin ɗin baya an yi shi ne don ya ɗauki fiye da tan guda, tayoyin kuma irin masu kaurin gefe ne da ake bugawa iska har awo 80, sama da ninki biyu na abin da ake sa wa ƙaramar mota. Idan bodin fayau yake, babu abin da zai danne wannan taurin. Ranar da aka maƙala tirela, bayan motar ya ɗan sauka, sai tafiyar ta kwanta luf, mutumin da ya yi mako uku yana mita ya fara yabo. Sai dai ko wannan ranar sai an jira ta. Littafin Ford ya hana jan tirela kafin motar ta yi kilomita 1,600, na Chevrolet da Ram kuma sun ce 800, domin haƙoran giyar baya su goga juna su zauna. Mutum ya sayi motar ja, ga tirela a ƙofar gida, amma an ce ya yi ta yawo da ita hannu rabbana tukuna. Masu haƙuri suna bi. Masu gaggawa sukan ce ai ƙarfe ne.

Inda maganar ta fi nauyi kuwa shi ne wata 'yar takarda mai ratsin rawaya da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Sai an buɗe ƙofar an sunkuya ake ganinta, kuma ba ta kai tafin hannu ba. A samanta akwai hoton taya, a ƙasa yawan iskar da ake so a gaba da baya, a tsakiya kuma jimla ɗaya da ke cewa nauyin mutane da kaya gaba ɗaya kada ya wuce kilo kaza. Wannan lambar ta wannan motar ce ita kaɗai. An auna ta ne bayan an gama saka mata duk abin da mai saye ya zaɓa, kujerun fata, rufin gilashi, manyan tayoyi, giyar da ke juya ƙafa huɗu. Motoci biyu masu suna ɗaya da launi ɗaya na iya tsayawa gefe da gefe a filin dillali, lambar ɗaya ta fi ta ɗayar da kilo ɗari huɗu.

Ba wannan lambar ake tallatawa ba. A talabijin da allon bakin titi, wadda ake rubutawa da manyan haruffa ita ce ta nauyin da motar za ta iya ja. Kuma ba ƙarya ba ce. Ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE na da ƙa'ida mai lamba J2807 da kamfanonin ke bi kafin su furta ta. Daga cikin jarrabawar akwai hawan Davis Dam a jihar Arizona, kilomita 18 na tudu a kan hanya mai lamba 68, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba, na'urar sanyaya mota a ƙure, kuma gudun motar mai taya ɗaiɗai a baya kada ya faɗo ƙasa da kilomita 64 a awa. Jarrabawa ce ta gaske. Amma lissafin yana ɗauka cewa mutum biyu ne kawai a motar, kowannensu kilo 68. Babu uwargida da yara uku a wannan lissafi, babu janareta, babu itacen gashi, babu akwatin kayan aiki.

Ga inda lambobin biyu ke haɗuwa. Tirela ba bin mota kawai take yi a baya ba, tana dafa ta. Wadda ake maƙalawa a ƙugiyar baya takan ɗora wa motar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Babbar kuwa, wadda wuyanta ke hawa kan wani faifan ƙarfe a tsakiyar bodi, irin na manyan tireloli, takan ɗora kashi 15 zuwa 25. Duk wanda ya taɓa yi wa amalanken jaki lodi ya san wannan ilimi ko da bai san lissafinsa ba: ka tura buhunan gaba, ka danne bayan jakin har ya durƙusa, ka mayar da su baya, sandunan su ɗaga shi sama ya rasa inda zai kafa kofato. Tirela ma haka take. In nauyin gabanta ya yi kaɗan, da gudu ya kama sai ta fara lilo hagu da dama har ta juya motar da ke janta. In ya yi yawa, tayoyin gaba su yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana, fitilu su koma haska sama.

A ɗauki misali. A ce ɗakin tafi-da-gidanka ne mai kilo 5,500 bayan an cika tankin ruwansa an zuba tukwane da barguna. Motar an ce tana jan fiye da haka, don haka mai ita ya sa hannu hankalinsa kwance. To kashi 20 na 5,500 kilo 1,100 ne, kuma duk a bayan motar za su zauna. Faifan ƙarfen da ke riƙe wuyan tirelar shi ma a ce kilo 90. Maigida da iyalinsa huɗu, a ce 300. An kai 1,490 ke nan ba a sa ko jarkar ruwa ba. Idan takardar jikin ƙofa ta ce 1,200, zance ya ƙare, komai girman lambar da aka gani a talla. Injin zai ja, babu shakka. Tayoyin baya da gatarin da ke riƙe da su da birki ne za su biya bashin.

A nan ne mai fetur ke da wata fa'ida da sababbin masu ita ke ganowa da murna. Injin dizal, da turbo ɗinsa da manyan lagireto da batir biyu da kayan tace hayaƙi, ya fi na fetur nauyi da kilo ɗari uku ko sama da haka. Jimlar nauyin da aka yarje wa motar kuwa na da iyaka, yawancin masu lamba 250 da 2500 a da an daɗe ana tsayar da su a wajen kilo 4,500. Duk abin da inji ya cinye daga wannan jimla, an rage shi ne daga rabon kaya. Shi ya sa sau da yawa za ka tarar mai dizal ta fi ƙarfin ja nesa ba kusa ba, amma mai fetur ta fi ta iya ɗauka. Na daɗe ina juya wannan a raina. Ƙarfin da ake fariya da shi yana da nasa nauyin, kuma daga cikin abin da za ka ɗauka wa wasu ake cire shi.

Masu hankali a cikinsu ba sa tsayawa a lissafin takarda. A manyan tashoshin tireloli na Amurka akwai sikelin ƙasa, mafi shahara na kamfanin CAT Scale, mai faranti uku a jere. Direba zai hau a hankali har tayoyin gaba su zauna a farantin farko, na baya a na biyu, na tirela a na uku. Ya miƙa hannu ya danna maɓallin da aka kafa a tsayin tagar babbar mota, wani lokaci sai ya fito ya yi ɗage kafin ya kai, ya biya 'yan daloli a ciki, a ba shi takarda mai lambobi uku. Sai ya je ya ajiye tirelar, ya dawo ya auna motar ita kaɗai. Bambancin awon biyu shi ne ainihin abin da ke kan bayanta. Kusan kullum lambar takan fi abin da mutum ya zata, domin nauyin da masu ƙera tirela ke rubutawa na tirela ce babu komai a ciki, kaya kuwa a hankali suke taruwa, kujera yau, keken yaro gobe, ba wanda ke lura. Ina ganin girman mutumin da ke zuwa wannan sikeli da ƙafarsa alhali ba ɗan sanda ya tura shi ba. Ya san zai iya jin abin da ba ya so, watakila ma ya gano motar da ya ci bashi ya saya ta yi wa tirelarsa kaɗan, amma ya je.

Ba zan iya wuce wannan wuri ban tuna hanyoyinmu ba. Kowa ya ga akori-kura ranar kasuwa, buhunan masara sun wuce rufi, mutane a kan buhunan, awaki a kan cinyoyin mutane, bayan motar na sharar ƙasa. Yawancin waɗannan motoci ma sun fito daga kamfani da nasu adadin a rubuce, a jikin ƙofa ko a wani ɗan farantin ƙarfe. Ba na zargin direban shi kaɗai, kuɗin mai da balas ɗin maigida da talaucin fasinja su ne ke yin lodin. Sai dai taya ba ta san uzuri ba, kuma mun binne mutane da yawa a kan wannan.

Abu na biyu da ke girgiza sabon mai mota shi ne ƙara. Wanda ya saba da dizal ya saba da inji mai gurnani ƙasa-ƙasa. Dizal ɗin Ford na 2020, mai lita 6.7, yana ba da ƙarfin murɗa 1,050 a ma'aunin Amurkawa tun injin na juyi 1,600 a minti. Na fetur ɗin 475 yake bayarwa, ƙasa da rabi, kuma sai ya kai juyi 4,000. Cikakken ƙarfin dokinsa ma sai a 5,500. Don haka da an fuskanci tudu da tirela a baya, giya za ta sauko daga ta goma zuwa ta shida, zuwa ta huɗu, allurar juyi ta miƙe, ƙugi ya cika ɗakin motar, hira ta yanke. Mai mota ya ɗaga ƙafa daga totur don tausayi, yana jin kamar zai kashe abin da bai gama biya ba. Alhali injin lafiyarsa ƙalau. A wannan juyin aka ƙera shi ya yi aiki, zai kuma iya zama a nan har tudun ya ƙare. Allurar zafin ruwa da ta zafin man giya su ne abin kallo, kunne ba alƙali ba ne a wannan shari'a. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Waɗanda suka gane haka a tafiyar farko sukan dawo da yabo, waɗanda ba su gane ba su dawo suna cewa motar ba ta da ƙarfi, kuma mota ɗaya suka tuƙa.

Amma akwai inda ƙorafin yake da tushe, bai kamata a ɓoye ba. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, saboda iska na sirancewa. A ramin Eisenhower da ke kan babbar hanyar I-70 a jihar Kolorado, wanda ke sama da mita 3,400, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya tafi. Mai dizal turbo ɗinta na cusa mata iska, asararta kaɗan ce. Gangara ma haka. Dizal na da birkin salansa da ke toshe hayaƙi ya riƙe motar ba tare da an taka komai ba. Mai fetur sai dai ta sauko da giya, injin ya yi ta ihu yana riƙewa, direba na taimaka masa da birki jefi-jefi don kada ya yi zafi. Wanda gidansa ke cikin duwatsun Roki kuma yake jan tan bakwai kowane mako, in ya sayi mai fetur ya cuci kansa.

Sai shan mai. Hukumar kare muhalli ta Amurka ba ta tilasta wa motocin da suka kai wannan nauyi su manna adadin man da suke sha a gilashi kamar ƙananan motoci, don haka mai saye a kan hanya yake koyo. Da babbar tirela a baya, kilomita uku zuwa huɗu a lita shi ne abin da aka saba ji. Tankin da yawancin na Ford ke zuwa da shi na lita 129 ne, mai dogon bodi da ƙofa huɗu kuma 182. Ke nan mai ƙaramin tanki kafin ya cika kilomita 400 idonsa ya koma neman gidan mai, kuma ba kowane gidan mai ba, sai wanda mota da tirela masu tsawon mita goma sha biyar za su iya shiga su fita. Layin manyan motoci mai faɗi na dizal ne. Famfon fetur yana can cikin matsi tare da ƙananan motoci.

To me ya sa duk da haka da yawansu ke cewa ba su yi nadama ba? Saboda sun zauna sun ƙirga kwanakin shekara. Tirelar takan fita sau biyar ko shida, lokacin bazararsu. Sauran kwanaki ɗari uku da 'yan kai motar makaranta take zuwa, da kanti, da wurin aiki mai nisan kilomita goma. Wannan kuwa ita ce rayuwar da dizal ɗin zamani ya tsana. Tun dokokin hayaƙi na 2007 da 2010, kowane ɗaya na ɗauke da matatar da ke tara baƙin toka, wadda sai an yi doguwar tafiya ta yi zafi sosai take ƙone abin da ta tara, ga kuma wani ruwan yuriya da ake zuba masa a tanki na daban. Gajerun tafiye-tafiye cikin sanyi na toshe matatar, gyaranta kuma ba arha ba. Injin Godzilla kuwa da gangan aka yi shi a kan tsohon tsari, gangar jiki ta baƙin ƙarfe, babu turbo, babu matatar toka, kusan kowane bakanike zai iya buɗe shi. Juyin baƙin mansa wajen lita bakwai da rabi ne, na dizal ɗin ya haura sha biyu.

Wannan lissafin nake so mai karatu ya riƙe, domin bai tsaya a kan mota ba. Da yawanmu muna saye ne don rana ɗaya, ranar da za a gan mu, ranar kaya mafi nauyi da watakila ba za ta zo ba sai sau ɗaya a shekara. Gida mai falo uku saboda baƙin salla, janareta mai ɗaukar unguwa saboda ranar biki. Sai mu kwashe sauran kwanakin muna ciyar da abin. Mai akori-kurar fetur ya yarda a wuce shi a kan tudu sau shida a shekara, ya yarda abokansa masu dizal su yi masa tsiya a wurin hutu, don ya sami sauƙi a sauran kwanakin. Wanda ya yi haka bayan ya auna tirelarsa ya ƙirga tafiye-tafiyensa, ina tare da shi. Wanda kuma ya yi don gudun kuɗi kawai bai auna komai ba, tudun farko zai gaya masa.

Duk da haka a yi hattara da shaidar watannin farko. Amarya ko ta buzuzu ce ɗokinta ake yi, kuma mutumin da ya sa hannu a bashin shekara shida ba shi da saurin cewa ya yi kuskure. Abin da zai iya faɗa da gaskiya a kilomita dubu biyar na farko shi ne yadda take tafiya da kaya da babu kaya, abin da sikeli ya nuna, juyin da injin ke yi a tudun da ya sani, da litar da ta sha daga gari kaza zuwa gari kaza. Waɗannan ana iya dogara da su. Maganar ƙarko kuwa lokacinta bai yi ba. Garantin Ford a kan injin fetur da giyarsa shekara biyar ne ko kilomita 96,000, na injin dizal kuma ya kai 160,000, kuma a kasuwar motocin hannu mai dizal ta saba riƙe farashinta fiye da mai fetur. Ko dala dubu goman da aka tsira da su ranar saye za su zauna a aljihu, ko za su fita ta famfon mai da ranar sayarwa, wannan ya danganta da yawan tafiyar da motar za ta yi da kaya a bayanta, kuma sai bayan shekaru mai ita zai iya zama da rasiɗansa ya haɗa jimla.